Kofin Ryder da Presidents Cup: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Kofin Ryder da Presidents Cup na wasan golf gasa ɗaya ce aka sauya wa suna, tunda a duka biyun Amurka kake gani. Ba ɗaya ba ne, amma da gaskiyarka, kama ta yi yawa. Kowane ɓangare 'yan wasa 12 ne da kyaftin, ana yin kowace gasa duk bayan shekara biyu, kuma ba jimillar bugu ake ƙirgawa ba, rami-rami ake ci: wanda ya jefa ƙwallo a rami da bugu mafi ƙaranci shi ya ci ramin. A kowace karawa, wanda ya fi cin ramuka ya ɗauki maki ɗaya, in an yi kunnen doki a raba rabi-rabi.

Bambancin farko shi ne abokin karawa. A Kofin Ryder, Amurka da Turai ne. An fara shi a 1927 a jihar Massachusetts, da sunan Samuel Ryder, ɗan kasuwar Ingila mai sayar da irin shuka. Da farko Birtaniya kaɗai ke fuskantar Amurka, tana shan kashi kusan kullum, sai a 1979 aka buɗe ƙofa ga duk nahiyar Turai. Presidents Cup kuwa a 1994 aka haife shi, Amurka ce ke karawa da sauran duniya ban da Turai: Australiya, Japan, Koriya ta Kudu, Kanada, Afirka ta Kudu da sauransu.

Ryder kwana uku ne, maki 28. Juma'a da Asabar bibbiyu ake fita, wani lokacin mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa a kan ƙwallo ɗaya, wani lokacin kowa da nasa a ɗauki wanda ya fi kyau. Lahadi kowa ya tsaya da ƙafarsa. Presidents Cup tsarin kusan haka ne, sai dai kwana huɗu da maki 30.

Inda suka rabu da gaske shi ne zafin gasar. Tun 1985 Turai ta fi Amurka ɗaukar Kofin Ryder. A 2012 a filin Medinah da ke kusa da Chicago, Turai ta shiga ranar ƙarshe Amurka na gabanta 10 da 6, a gidan Amurkawa, ta juya wasan ta ci 14½ da 13½. A 2025 ma ta sake yi musu cin gida a Bethpage da ke New York, 15 da 13. Su waɗannan 'yan Turai sun taso tare a gasanni ɗaya, suna da tarihin da suke karewa tun zamanin Seve Ballesteros, gwarzon ɗan wasan Sifaniya, kuma kana ganin hakan a fuskokinsu idan suka rungume juna a bakin rami na 18.

A Presidents Cup sau ɗaya tak sauran duniya ta yi nasara, a 1998 a Melbourne. Haɗa Bajapane da ɗan Kanada da ɗan Koriya su zama tsintsiya ɗaya cikin mako guda ba ƙaramin aiki ba ne, ko harshe bai haɗa su ba.

Duk da haka ni ba na raina shi, domin nan ne Afirka ke da kujera. A 2003 a Fancourt, Afirka ta Kudu, aka tashi 17 da 17 (a lokacin maki 34 ne). Aka fitar da Tiger Woods na Amurka da Ernie Els ɗan Afirka ta Kudu su raba gardama, suka buga ramuka uku babu wanda ya kayar da wani, ga duhu ya rufe fili. Kyaftin-kyaftin ɗin, Jack Nicklaus da Gary Player, suka amince a raba kofin. Har yau wannan maraicen na fi so a tarihin gasannin biyu.

In kana da lokacin kallon ɗaya kawai, fara da Ryder na 2027 a Adare Manor, ƙasar Ayalan, ka zauna wa wasannin ranar Lahadi tun daga farko.