Fanka ko laima mai igiya: wanne za ka gwada a kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi dacewa da aikinka na kammala karatu: kwaikwayon fankar samar da lantarki da iska irin ta Lambar Rimi a jihar Katsina, ko na laimar nan da ke tashi sama tana jan igiya ta juya janareta, musamman a iska mai hargitsi.

Fanka a tsaye take wuri guda. Na Lambar Rimi guda 37 ne, kowace kilowat 275, kuma iskar da ta dame ka ita ce wadda ke ratsa da'irar fukafukanta kawai. Manhajoji ma ga su kyauta, NREL, cibiyar binciken makamashi ta Amurka, ce ta samar da su: TurbSim ya haɗa maka iskar, OpenFAST ya nuna yadda injin zai amsa.

Laima kuwa ba ta zama. Tana can sama da ɗaruruwan mitoci tana zana lamba 8, tana warware igiya daga gangar da ke ƙasa, wadda ke juya janareta. In igiya ta ƙare a naɗe ta da 'yar wuta kaɗan, a sake. A zagaye ɗaya sai ta haɗu da iska kala-kala, sama daban, ƙasa daban. Iska ta ninka gudu, jan igiya ya ninka sau huɗu, ƙarfin da ke cikin iskar ya ninka sau takwas. Ta faɗi farat ɗaya, igiya ta saki, laima ta rasa tuƙi, ta nufo ƙasa. Don haka dole ka lissafa nauyin igiyar, da yadda iska ke riƙe ta, da ganga, da na'urar tuƙi, duk a tare. Masu bin abin a tsanake sukan kwaikwayi jujjuyawar iskar kanta, aikin da manyan kwamfutoci ke kwana suna yi.

Ni dai in ƙaramar kwamfuta gare ka da zango ɗaya, ɗauki fanka. In ranka na kan laima, duba manhajar gwajin kamfanin Makani, wadda aka saki kyauta da Alphabet, uwar kamfanin Google, ta rufe shi a 2020 (nasu jirgi ne mai janareta a jikinsa).

Amma don Allah kada ka sa iska mai laushi. Ka san guguwar bazara da ke ɗaga leda da ƙura a bakin Ƙofar Ƙaura da tsakar rana, da iskar da ke riga hadarin farkon damina tana yaye kwanon rufi. Irinsu laimarka za ta tarar a Katsina, su za ka sa a gwajin.