Wane Littafin Tatsuniyar Girkawa Ya Dace a Saya Don Koyar da Nazarin Adabi?

Malamin da ke son koya wa 'yan sakandare yadda ake feɗe ƙagaggen labari, wato fitar da jigo da bin zubi da tsari da auna halayen taurari, zai samu sauƙi idan ya zaɓi littafin da aka gina kan tatsuniyoyin Girkawan dā. Irin wannan littafi yana da asalin da za a iya ɗaukowa a ajiye kusa da shi, ɗalibi ya ga abin da marubuci ya bari yadda yake da abin da ya sauya da abin da ya zubar, daga nan kuma tambayar da ita ce ƙashin bayan nazari, wato me ya sa ya yi haka, takan zo da kanta. Littattafan da za a ambata a nan dukkansu da Turanci aka rubuta su, kuma ba kowanne ne ya dace da kowane aji ba, saboda haka wanda zai sayi kwafi talatin ko arba'in da kuɗin makaranta ko na iyaye ya kamata ya san abin da ke cikinsu kafin ya sa hannu a aljihu.

Wanda ya fi shahara shi ne The Lightning Thief na Rick Riordan, wanda ya fito a 2005, kuma shi ne na farko a jerin littattafai biyar na asali kan Percy Jackson da aka kammala a 2009. Riordan malamin makaranta ne a birnin San Antonio na Amurka kafin ya yi suna, kuma alamar hakan tana bayyana a tsarin littafin, domin babi 22 ne gajeru, kusan kowanne yana ƙarewa a inda mai karatu zai ƙagu ya buɗe na gaba. Tauraron yaro ne ɗan shekara 12 mai fama da lalurar cakuɗewar haruffa wajen karatu, wanda ya gano cewa mahaifinsa shi ne Poseidon, ubangijin teku a wurin Girkawa, aka kuma zarge shi da sace sandar tsawa ta Zeus, shugaban allolinsu. Da bakinsa yake ba da labarin, cikin raha da ba'a irin ta yara.

Amfanin littafin ga malami ya fi fitowa a babin Medusa. A tatsuniyar asali, jarumi Perseus ya sare kan wannan mace mai gashin macizai, wadda duk wanda ya dubi fuskarta ke zama dutse, ta hanyar kallon inuwarta a jikin garkuwarsa mai sheƙi. A wurin Riordan kuwa, Medusa mai shagon sayar da mutum-mutumin adon lambu ce a bakin hanya, wadda ta tarbi Percy da abokan tafiyarsa biyu da abinci da kalamai masu daɗi, ta nemi su tsaya ta ɗauke su hoto, har sai da ɗayansu ya gane cewa ɗaya daga cikin mutum-mutumin kawunsa ne da ya ɓace. Maimakon garkuwa, wani ƙwallon gilashi na adon lambu Percy ya yi amfani da shi. Ɗalibin da aka ba shi labaran biyu zai iya tsamo alamun da marubuci ya shuka tun kafin asiri ya tonu, ya kuma bayyana dalilin mayar da garkuwa gilashi. Akwai kuma abin da yaranmu za su lura da shi kafin yaran Amurka: an siffanta matar sanye da doguwar baƙar riga da lulluɓi, har yaron ya ɗauka 'yar Gabas ta Tsakiya ce. Wannan dama ce ta tattauna yadda mai ba da labari ke kallon wanda bai saba da shi ba, kuma a ganina bai kamata malami ya tsallake wurin ba.

Haka nan babin otal ɗin Lotus na Las Vegas, inda yaran suka shagala da wasanni suna zaton sa'o'i kaɗan suka yi alhali kwana biyar sun wuce, har Percy ya gamu da wani yaro da ke tsammanin ana 1977 ne. Asalinsa yana kashi na tara na Odyssey, doguwar waƙar da Homer, mawaƙin Girkawan dā, ya yi kan komawar jarumi Odysseus gida bayan yaƙi, inda mutanen Odysseus suka ci wani tsiro mai suna lotus suka manta da gida. Raunin littafin Riordan shi ne harshensa ba shi da zurfin adon magana, jigoginsa na abota da cin amana da neman uba kuma a sarari suke, don haka ɗalibin babbar sakandare zai gama da su cikin mako biyu. Ya fi dacewa da 'yan shekara 12 zuwa 14.

Duk wanda ya sayi na Riordan yana buƙatar inda zai samo labaran asali, kuma a nan ne littattafan Rosemary Sutcliff guda biyu suke da amfani, wato Black Ships Before Troy na 1993 da The Wanderings of Odysseus na 1995, waɗanda duka aka buga bayan rasuwarta a 1992. Ta sake ba da labarin yaƙin da Girkawa suka yi da birnin Troy da na komawar Odysseus gida cikin Turanci mai nauyi da kyau, wanda ya fi na Riordan wadatar kamantawa da siffantawa. Sai dai ta bi sawun Homer sosai, saboda haka babu sauyi mai yawa da za a tattauna. Kwafi biyu ko uku a ɗakin karatu sun wadatar.

Ga 'yan shekara 16 zuwa sama, The Penelopiad na Margaret Atwood, marubuciyar ƙasar Kanada, shi ne zaɓina. Ya fito a 2005, gajere ne, kuma Penelope matar Odysseus ce ke ba da labarin daga duniyar matattu, tana mayar da martani kan abin da aka daɗe ana faɗa a kanta. A kashi na 22 na Odyssey an rataye kuyangi 12 na gidan bisa zargin sun haɗa kai da masu neman auren uwargijiyarsu, kuma Homer bai tsaya kansu ba sai a 'yan baitoci. Atwood ta ba su murya, suna katse labarin lokaci zuwa lokaci da waƙar tsallen igiya, da waƙar matuƙan jirgi, da lacca, har da zaman kotu, suna kuma ƙaryata wasu maganganun Penelope. Babu abin da ya kai wannan wajen koyar da cewa mai ba da labari na iya ɓoye gaskiya, da kuma yadda sauya siga ke sauya ma'ana. Amma akwai batun cin zarafin mata da kalaman da suka shafi jima'i, don haka dole malami ya karanta shi tukuna.

Littattafan Madeline Miller biyu sun yi tashe, kuma mai shago zai iya tallata su a matsayin na matasa, amma don manya aka rubuta su. The Song of Achilles na 2011, wanda ya ci kyautar adabi ta Orange a 2012, an gina shi ne kan soyayya tsakanin Achilles da Patroclus, jaruman yaƙin Troy, dukkansu maza, kuma yawancin iyaye da hukumomin makarantunmu ba za su amince da shi a aji ba. Circe na 2018 yana da harshe mai kyau ƙwarai, yana kuma bayyana dalilin da ya sa matsafiyar mai wannan suna ke mayar da maza aladu, amma dalilin shi ne fyaɗen da wani baƙon matuƙin jirgi ya yi mata. Dogo ne kuma, da wuya a gama shi a zango ɗaya.

Idan ba dole ne sai rubutun zube ba, wasan kwaikwayon Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a 1968 aka buga a 1971, ya ɗauko labarin Oedipus na Sophocles, marubucin wasan kwaikwayo na Girkawan dā, ya dasa shi a ƙasar Yarbawa, inda sarki Odewale ya kashe ubansa ya auri uwarsa ba da sani ba. Ya fi duk sauran sauƙin samu a shagunan littattafan makaranta na Nijeriya, yana cike da karin magana, kuma jigonsa na ƙaddara da zafin zuciya abu ne da ɗalibanmu za su yi muhawara a kai da gaske.

Wasu iyaye za su tambayi dalilin karantar da labarin alloli da yawa. Ya fi kyau a sanar da su a rubuce kafin a karɓi kuɗinsu cewa ana nazarin waɗannan alloli ne a matsayin taurarin labari, kamar yadda ake nazarin Gizo da Ƙoƙi, maimakon a jira ƙorafi bayan an raba littafi.

Wajen saye, a tabbata duk kwafin bugu ɗaya ne, domin idan malami ya ce a buɗe shafi kaza rabin aji ya samu wani abu dabam, darasi ya wargaje. Littafin Riordan yana da suna biyu, bugun Birtaniya yana ɗauke da Percy Jackson and the Lightning Thief, akwai kuma sigarsa ta zane-zane da ta fito a 2010, wadda aka taƙaita labarin aka kuma rage muryar yaron da ake son nazarta. Fim ɗin 2010 ya sauya abubuwa da yawa, har ya ƙara wa yaran shekaru, don haka ɗalibin da ya dogara da shi zai tona kansa a amsar farko. Kwafin gwanjo na asali ya fi sabon bugun satar fasaha, kuma duk wanda za a saya a buɗe shi a ƙirga babi-babi a gaban mai shago, a duba ko akwai shafukan da suka maimaitu ko suka ɓace.