Shagon caji da POS na ƙauyenmu: abin da na gani

Ƙauyenmu yana ƙaramar hukumar Soba. Sai ka sauka daga titin Zariya zuwa Pambeguwa, ka hau babur ka bi burji kafin ka iso. Gidajenmu ba su da yawa, sallar Juma'a ma sai mun tafi maƙwabta. Babu banki, babu wutar lantarki. Abin da muke da shi shago ne guda kusa da masallaci, ɗakin ƙasa mai rufin kwano, an ɗora farantan sola a samansa. Nan ake cajin waya, nan ake cire kuɗi, nan ake turawa. Ni malamin firamare ne, albashina ta wannan shago yake isowa hannuna, don haka na san shi sanin da zan iya faɗin alherinsa da kuma inda ya gaza.

Caji dai ba ni da ƙorafi mai yawa a kansa. Kana miƙa waya mai shagon zai manna mata 'yar takarda mai lamba, ya ba ka wani guntun kwali mai lamba iri ɗaya. Ba kwali, ba waya, ko da kai ne ka haife shi. Na ga ranar da ya hana wani ɗan gidan mai unguwa karɓar wayar yayansa har sai da yayan ya zo da kansa. Ƙaramar waya naira 100, babba mai shafa 200. Matsalar tana zuwa ne a watan Agusta, lokacin marka, idan hadari ya wuni bai yaye ba: kafin isha'i batir ya yi sanyi, wayoyin da aka kawo da la'asar sai su kwana ba su cika ba. Da hunturu kuma ƙura ke rufe farantan, shi ya sa kullum da sassafe za ka ga ƙaninsa a kan tsani da tsumma.

Inda maganar take shi ne wajen kuɗi.

Kafin a buɗe shagon, wanda ɗansa ya turo masa dubu 10 daga Legas ko Abuja sai ya kashe yini guda a hanyar Zariya, ya biya babur, ya biya mota, ya bi layi, wani lokaci ya dawo hannu rabbana saboda na'ura ba kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya cinye rabin abin da aka turo. Yanzu naira 200 yake karɓa a kan dubu 10. Akwai masu cewa ya yi tsada, ni ban yarda ba. Duk wanda ya lissafa kuɗin mai da wunin da zai bari a gona ya san inda sauƙi yake.

Amma abin da ya sa na zauna na rubuta wannan ba arha ba ne, wani littafi ne mai baƙin bango da yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Sabis a wajenmu ba shi da tabbas. Na'urar POS ɗin tana da layi biyu, duk da haka sau da yawa sai ya fita da ita bayan shago, ya hau wani tudu, ya ɗaga hannu sama kafin ta kama. A irin wannan hali ne ake cire wa mutum kuɗi daga asusunsa, rasit kuma ya fito da cewa ba su tafi ba. Ya faru da ni a ƙarshen wani wata, da kuɗin da na ware don taki. Bai ce mini "ba ruwana, ka je bankinka" ba, kamar yadda na sha ji a birni. Ya buɗe littafin, ya rubuta rana da lokaci da adadi, ya manna rasit ɗin a gefe, ya ce, "Malam, mu ba shi kwana uku. In bai dawo ba ka zo mu kira su tare." Kwana ukun ba daga kansa ya ƙirƙiro ba: tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa ƙa'ida cewa a warware irin wannan matsala ta POS cikin awa 72. Nawa ya wuce haka kafin ya dawo, sai da muka yi ta kira, amma duk ranar da na bi ta ƙofar shagon shi yake fara tambayata. Da ya dawo, a gabana ya ja layi a kan sunana. Na leƙa littafin, sunaye ne shafi bayan shafi, yawanci na tsofaffi waɗanda ba su iya karanta saƙon banki ba. Ba don wannan littafi ba, da yawansu da sun bar wa Allah.

Mutanen garin sun gwada mai shagon a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. An sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin tsofaffin zuwa 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba a ganinsu. Jiharmu ta Kaduna na cikin waɗanda suka kai ƙara Kotun Ƙoli tare da Kogi da Zamfara, kuma ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Amma kafin nan an sha wuya. Manoma sun sayar da buhunan masara a wulaƙance don kawai su riƙe tsabar kuɗi. Shi ma ya ƙara la'ada, don shi ma sayen kuɗin yake yi, ba zan ɓoye wannan ba. Sai dai abin da ya samo yakan raba shi ƙanana ƙanana, kowa ya samu na cefane, maimakon ya juye wa mai hali ɗaya. Har yau ana tuna masa da wannan.

To, ga inda nake da ƙorafi, kuma na faɗa masa ido da ido.

Lambar sirri ba ta da sirri a shagon nan. Dattijo zai zo ya miƙa kati, ya ce, "Ɗana, danna mini," ya faɗi lambar da ƙarfi, alhali samari sun cika benci suna jiran waya. Matan aure kuma yara suke aikowa da kati, an rubuta lambar a takarda an naɗe tare. Shi ban taɓa jin an zarge shi da ko kwabo ba, amma ba shi kaɗai ke da kunne ba, kuma ba kullum shi ke zama ba, wani lokaci ƙaninsa ne. Ya kamata ya raba wurin cire kuɗi da wurin caji, ko da da labule ne, ya kuma ware wani lokaci bayan azahar da mata za su iya zuwa da kansu. Ya ce, "Gaskiya ne Malam, ɗakin ne ya yi kaɗan." Na yarda ɗakin ƙarami ne, amma tabarma ɗaya da aka rataya ta isa ta raba shi.

Sai ƙarancin tsabar kuɗi da kaka. Idan dillalai suka shigo sayen masara da waken suya, da tiransifa suke biya, manomi kuwa tsaba yake so, don masu girbi da masu sussuka ba sa jiran alat. Kafin hantsi jakarsa ta ƙare. Kuɗin da yake juyawa daga masu shaguna da mai sayar da fetur a galan yake tattaro su, in ba su isa ba sai ya hau babur zuwa Maigana, hedikwatar ƙaramar hukumarmu. Ɗaukar kuɗi a wannan hanya kuwa ba abin wasa ba ne, kuma ban ga laifinsa ba da ya ƙi faɗa wa kowa ranar da zai tafi. A wannan lokaci ne kuma ake kawo alat na bogi. Dokarsa a nan ɗaya ce, kuma ina goyon bayanta: ba ya kallon wayarka, sai ya ga kuɗin sun shiga nasa asusun. Baƙi kan ji haushi, su ce ya raina su. Gara su ji haushin.

Wanda zai zo yankinmu sayen amfanin gona, ko ma'aikacin da aka turo aiki, zai iya dogara da shagon a kan ƙananan buƙatu ba tare da fargaba ba. In kuɗin sun haura dubu 50, ka sanar da shi tun daren jiya ya tanada. Ka zo da safe, sabis ya fi kamawa kafin rana ta take. Ka danna lambarka da hannunka, kuma ko cirewar ta yi ko ba ta yi ba, kada ka tafi ba ka karɓi rasit ba.