Wata shida ina zuwa sashen gashi da ciwon MS

Ranar da likitan jijiyoyi ya rubuta mini takarda ya ce in kai sashen gashi, gabana ya faɗi, ba don komai ba sai don sunan. Mu a nan Kano in aka ce gashin ƙashi, abin da ke zuwa ran mutum shi ne fitilar nan mai ja da ake haska wa baya, ko tsumma da ruwan zafi. Ni kuwa na riga na gane zafi ne babban abokin gabana. Ko wankan ruwan ɗumi na yi, sai idona na hagu ya koma gani dishi-dishi, ƙafata ta dama ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi.

Ciwon da nake fama da shi likitoci na kiransa MS. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke gwaguye robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa tafiya da ƙyar ko ya yanke a hanya. Ya fi kama mata, yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ya fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Turai. Shi ya sa na shekara biyu ana ce mini taifot ne, wasu su ce sanyi, wasu su ce sammu, kafin hoton MRI ya nuna tabon da ke ƙwaƙwalwata. Shekaruna 34, malamar firamare ce ni, 'ya'yana uku.

Asibitin na gwamnati ne, babba, ba sai na kama suna ba. Talata da Alhamis nake zuwa.

Likitar da aka haɗa ni da ita ba ta taɓa wata na'ura ba a ranar farko. Zama ta yi tana tambayata, ta sa na yi tafiya a baranda tana duba agogo, ta rubuta a kati. Da na faɗa mata tsorona, sai ta nuna fitilar da ke lungu ta ce, "Malama, waccan ba taki ba ce, ba kuma za a kunna miki ita ba." Ta yi mini bayanin cewa tun 1890 wani likitan ido Bajamushe mai suna Uhthoff ya lura wasu masu wannan ciwo ganinsu na raguwa in sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumamar jiki ce ke jawo hakan. Zafin ba sabuwar ɓarna yake yi ba, jijiyar da ta riga ta ji rauni ce ke kasa isar da saƙo, in jiki ya huce sai a dawo yadda ake. Wallahi wannan maganar kaɗai ta sauke mini kaya. Kafin nan, duk ranar da rana ta ƙwalle idona ya dushe, sai in ɗauka ciwon ne ya sake tashi, in kwana ina kuka.

Sannan ta tambaye ni abin da babu wanda ya taɓa tambayata: mene ne abu ɗaya da kike so ki koma yi? Na ce sujada. Wata takwas ke nan a kan kujera nake salla, domin in na kai ƙasa ba na iya tashi. Ba ta yi mini alƙawari ba, amma ta rubuta shi a saman katina.

Aikin kansa ba shi da wani ado. Tashi daga kujera da komawa ba tare da dafa komai ba. Tafiya tsakanin ƙarafa biyu. Keken motsa jiki, daga minti biyar har na kai sha biyar. Miƙe jijiyar sha-raɓa da ke sagewa. Kafin mu fara sai na sha ruwan sanyi, ta ɗora mini jiƙaƙƙen tawul a wuya, kuma da ta ga ƙafar ta fara ja sai ta tsayar da ni, ko da ni ina son in ci gaba. Ta sa aka yi mini wata roba mai riƙe idon sawu da ake sawa cikin takalmi, saboda yatsuna na jan ƙasa ina tuntuɓe. Dole na bar silifas na koma takalmi sau-ciki. Robar na da zafi, tana sa gumi, amma tun da na fara sa ta ban sake faɗuwa a tsakar gida ba.

Abin da ya fi amfanata shi ne yadda ta koya mini rabon ƙarfina. Gajiyar wannan ciwo ba irin ta mai wanki da surfe ba ce, tana saukowa ne haka kawai kamar an zare wa mutum laka. Yanzu aiki mai nauyi bayan asuba nake yi, girki a zaune, a aji ma na daina jin kunyar koyarwa daga kan kujera. Ta kira Baban yara ta yi masa bayani da kanta, cewa kwanciyata da rana ba lalaci ba ne. Ya ji daga bakinta fiye da yadda ya ji daga nawa.

Ba ta ɓoye mini cewa ciwon ba shi da magani mai warkarwa ba. A wata na huɗu ya tashi, aka yi mini ƙarin ruwan magani na kwana uku, na dawo kusan inda na fara. Muka sake daga farko.

Ƙorafina kuwa yana da yawa, kuma ina faɗarsa ne don ina son wurin. Wurin biyan kuɗi na can wani gini, a tsaye ake bin layi, ba benci ko ɗaya, sai ka ga mai sanda da mai shanyewar ɓarin jiki sun jingina da bango. Banɗaki na nesa, na tsugunno ne, ba ƙarfen kamawa, alhali masu wannan ciwo fitsari ba ya ba mu lokaci. In aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, a watan Afrilu ɗakin ba ya shiguwa, kuma da farko ƙarfe sha biyu ake ba ni har sai da na roƙa aka mayar da ni safiya. Ranar da likitata ba ta zo ba, wani ɗalibi ya jawo fitilar nan zai kunna mini, ni na hana shi. Ya ba ni haƙuri sosai, amma da ban san kaina ba fa? Ya kamata a rubuta wannan da jan biro a bangon kati. Sannan babu mai zama da mutum kan damuwar da ke ransa, ga kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ya fi wanda nake biya a sashen.

Duk wanda aka tura da wannan ciwo, ya nemi lokacin safe, ya tafi da gorar ruwan sanyi da ɗan rakiya mai bin layi, ya kuma faɗi tun daga ƙofa cewa ba a yi masa gashi da zafi.

Makon jiya da asuba na jawo kujerar kusa da sallaya, na dafa ta na sauka kamar yadda muka yi ta gwadawa a kan katifarsu, gwiwar hagu tukuna, sannan ta dama. Goshina ya taɓa ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba, har babbar 'yata ta matso tana cewa, "Umma, lafiya?" Azahar da la'asar har yanzu a kujera nake yi, zafi ba ya bari. Ranar Talata da na faɗa wa likita, ta buɗe katin ta rubuta kwanan wata a gefen kalmar da ta sa a sama, sannan ta ce in hau keke.