Sharhi: hayar kwalekwalen lantarki a Giethoorn

Duk wanda zai je Giethoorn, shawarata ya ɗauki hayar kwalekwale ya tuƙa da kansa. Ƙauye ne a ƙaramar hukumar Steenwijkerland, lardin Overijssel na ƙasar Holan, kuma a tsohon ɓangarensa mota ba ta shiga. Sai ruwa, sai siririyar hanyar ƙafa da keke, sai gadojin katako fiye da 150. Daga tashar jirgin ƙasa ta Steenwijk bas ke kai mutum.

Kwalekwalen da batir yake aiki, ba ƙara ba hayaƙi, har kukan agwagi kana ji. Da awa ake biya, ba a neman lasisi. Mai hayar ya ba mu taswira, ya nuna mana gaba da baya, shi ke nan. Ni da ban taɓa tuƙa jirgin ruwa ba ban sha wahala ba, don gudunsa bai wuce na mai tafiya da sauri ba, ruwan kuma zurfinsa kamar mita ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina gidajen ne. Rufin jinka, amma mai kauri, an datse bakinsa tsaf, an yi shi da ciyawar fadamar da ake yanka a yankin lokacin hunturu. Magudanan nan ma ba don ado aka haƙa su ba. Mutanen zamanin da suna tono wata baƙar ƙasa mai ruɓaɓɓun tsirrai su busar su yi makamashi, ramukan suka cika da ruwa, aka yanka hanyoyin fitar da kayan.

Matsalar ita ce cunkoso. Da rana ta take, babban magudanin ya cika maƙil, masu koyo suna ta karo da juna a ƙarƙashin gada. Na ga baƙi suna leƙa tagar mutane da waya, abin ya dame ni ƙwarai, domin gidajen zama ne, akwai iyali a ciki.

Ku je da sassafe, kuma kada ku tsaya iya cikin gari. Ku fita tafkin Bovenwijde, inda iska ke kaɗawa, ciyayi suka yi shinge hagu da dama. Awa biyu za ku ɗauka, ɗaya ba ta isa. A riƙe rigar sanyi ko da bazara ce, kujerar kuma katako ce, dattijo zai so filon da zai zauna a kai.