Na yi odar kwafin lambobin jarumta guda 4, ga abin da na tarar a cikin kwalin

Jama'a da yawa sun tambaye ni tun ranar da na sa hoton kwalin nan, wai ya kayan suke, sun kai a saya ko a'a. To yau sati biyu kenan suna hannuna, na juya su gaba da baya na gwada su da hotunan na asali da ke gidajen tarihi, bari in faɗi gaskiyar abin da na gani. Ba zan kama sunan shagon ba, na intanet ne dai irin masu sayar da kwafin kayan soja na da ga masu tarawa. Abin da na yi oda saiti ne na lambobin yabo guda 4: Victoria Cross ta Birtaniya, Gicciyen Ƙarfe na Jamus na 1914, Croix de Guerre ta Faransa, sai George Cross, ita ma ta Birtaniya.

Maganar kawowa a taƙaice, sun yi latti da kwana tara a kan ranar da suka ce, amma sun naɗe kayan da kyau, kowace lamba da ɗan akwatinta mai soso a ciki, babu wadda ta goge ko ta lanƙwashe. Kuma abin da na fi yaba musu tun kafin in duba komai shi ne sun buga hatimi a bayan kowace ɗaya cewa kwafi ce, ba fenti ba ne da za a kankare, a jikin ƙarfen yake. Wannan ya yi, don akwai marasa tsoron Allah da ke sayen irin waɗannan su tsofar da su da gangan su sayar wa mutane a matsayin na gaske.

To bari in fara da wadda ta ɓata min rai, Victoria Cross. Wallahi da na buɗe akwatin sai da gabana ya faɗi, sun yi ta tana walƙiya kamar zinare, ruwan gwal-gwal haka. Duk wanda ya san tarihin lambar nan ya san wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin rashin ƙyallin nan shi ne ma'anarta gaba ɗaya. A 1856 Sarauniya Biktoriya ta kafa ta, a ƙarshen yaƙin Kirimiya, lokacin da manyan lambobin girma kusan na manyan hafsoshi ne kawai, ƙaramin soja ya yi abin da zai yi ba ya kaiwa can. Sai aka ce a yi guda ɗaya wadda janar da kurtu duk ɗaya suke a gabanta, kuma da gangan aka yi ta da tagulla mai duhu, ba zinare ba azurfa, don kada darajarta ta zama ta kuɗin ƙarfen. Ta asalin launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, faɗinta bai kai santimita 4 ba, zaki tsaye a kan kambin sarauta, ƙarƙashinsa an rubuta kalmomi biyu kacal, For Valour, wato don jarumta. Da farko ma abin da aka so rubutawa shi ne "don jarumai", sarauniyar ce ta sa aka canza, don kada ya zama kamar an ce sauran sojojin da ba su samu ba ba jarumai ba ne. Ka ga mutanen da suka yi taka-tsantsan har a kan kalma ɗaya, sai wani ya zo ya shafe abin da ruwan gwal don ya ja ido a hoto.

Kuma ba launin kaɗai ba. Ta asalin kamfanin Hancocks na Landan ne ke yin ta tun farko har yau, zubi ake yi sannan a bi da hannu a fito da gashin zakin da sauran zanen, shi ya sa in ka ƙura wa hoton ta gaske ido za ka ga kaifin aikin. Tawa kuwa fuskar zakin ta dame, na sa gilashin ƙara girma na duba, ido da hanci duk sun haɗe wuri guda. Ƙyallen ratayawa dai sun dace, ja ne mai duhu yadda ya kamata, kuma ɗan harafin V da ke haɗa gicciyen da sandar sama yana nan. Bayan sandar fili ne, nan ne a ta gaske ake zana sunan mai ita da rundunarsa, ranar da ya yi jarumtar kuma a tsakiyar bayan gicciyen.

Na daɗe ina riƙe da ita duk da haushin da na ji, saboda ina tuna su waye suka rataya irinta. Mutumin farko da aikinsa ya ci wannan lamba Charles Lucas ne, matashin sojan ruwa, a 1854 harsashin igwa ya faɗo cikin jirginsu yana ci bai fashe ba tukuna, kowa ya kwanta, shi ya ruga ya sungume shi ya wurga cikin teku, kafin ya taɓa ruwa ya tashi. A watan Yunin 1857 sarauniyar da kanta ta maƙala wa mutum 62 a filin Hyde Park. Daga lokacin zuwa yau waɗanda suka samu ba su kai 1,400 ba duk yaƙe-yaƙen da aka yi, kuma mutum 3 ne kawai suka taɓa samu sau biyu, biyu daga cikinsu ma likitoci ne masu kwaso waɗanda aka harba, Arthur Martin-Leake da Noel Chavasse, na ukun Charles Upham ɗan New Zealand. Shi Chavasse raunin da ya ji a karo na biyun ne ajalinsa a 1917. Abin da irin waɗannan mutane suka rataya ai bai kamata a mai da shi kamar sarƙar ado ba.

Akwai ɗan littafi da suka haɗo da shi, shafi kaɗan, a ciki suka rubuta kai tsaye cewa ana ƙera lambar da ƙarfen igwogin Rasha da aka ƙwace a garin Sabastofol lokacin yaƙin Kirimiya. Wannan labari ne da ya daɗe yana yawo, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna igwogin da aka daɗe ana yanko ƙarfen daga jikinsu ƙirar Sin ne. Da sun ce "ana cewa" da ban yi magana ba.

Gicciyen Ƙarfe kuwa, kai, nan suka burge ni, kamar ba shago ɗaya ba. Sarkin Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, Frederick William na 3 ne ya kafa shi a 1813 lokacin yaƙi da Napoleon, mai zanen gine-ginen nan Karl Friedrich Schinkel ya fitar da siffarsa, kuma tunanin kusan ɗaya ne da na Turawan Ingila da ya zo daga baya, baƙin ƙarfe zalla a tsakiya da siririn bakin azurfa, a zamanin da mutane ke ba da zinarensu don yaƙi suna karɓar kayan adon ƙarfe a madadinsa. Na asali gida uku ne, ƙarfen tsakiya daban, sai firam biyu gaba da baya da aka liƙe suka riƙe shi. Yawancin kwafi zubi ɗaya ake musu a shafa baƙin fenti, to wannan da na kara masa maganaɗisu sai ji na yi caf ya kama tsakiyar, bakin kuma bai kama ba, kuma in ka duba gefe za ka ga layin haɗin. Gaba akwai kambi a sama, harafin W a tsakiya, 1914 a ƙasa, baya kuma FW da ganye da 1813, ƙyallen baƙi da ratsin fari biyu, komai daidai. Na 1914 na zaɓa da gangan, na 1939 mai tambarin 'yan Nazi ba na son shi a ɗakina. Sai dai a sani Gicciyen Ƙarfe aji-aji ne, irin wannan nawa aji na biyu ne, kuma miliyoyinsa aka raba a yaƙin duniya na ɗaya, ba a haɗa ƙarancinsa da Victoria Cross.

Croix de Guerre ba yabo ba fallasa. A 1915 Faransa ta fito da ita, tagulla ce da takubba biyu gicciye, ƙyallenta kore da siraran ratsin ja. Ƙarfen ya yi kyau, an rubuta 1914 da 1918 a baya, matsalar ita ce sun turo ƙyallen fayau babu komai a kai, alhali a wannan lamba labarin a kan ƙyallen yake. Tauraron tagulla na nufin an ambaci sunan soja a matakin ƙaramar runduna, na azurfa sama da haka, reshen dabino kuma a matakin rundunar gaba ɗaya, mutum na iya tara da yawa a ƙyalle guda. Ko tauraro ɗaya suka sa ai da ta cika.

George Cross ba ni da abin cewa sosai, fara ce kamar azurfa da shuɗin ƙyalle, rubutun ya fito raɗau. Sarki George na 6 ya kafa ta a 1940 don jarumtar da ba a gaban abokan gaba aka yi ba, irin ta masu kwance bam, ita ce aka ba tsibirin Malta dungurungum a 1942, har yau tana jikin tutarsu.

Na tambaye su ko suna da Medal of Honor ta Amurka, mai tauraro da shuɗin ƙyalle mai taurari 13 da ake ratayawa a wuya, suka ce sam ba sa yi, dokar Amurka ta hana ƙera ta ko sayar da ita ba izini. Na ji daɗin amsar, kuma cikin kwana ɗaya suka ba ni. Amma da na turo musu hoton Victoria Cross ɗinsu gefe da gefe da ta gidan tarihi, sai suka ce wai masu saye sun fi son mai ƙyalli, ba su da wata.

In maki ne zan ba su 3 cikin 5. Malamin tarihi ko mai son ya riƙa abin a hannu ya ji nauyinsa zai amfana, musamman da Gicciyen Ƙarfen, in ana sayar da shi shi kaɗai ku ɗauka ba shakka. Don Allah dai kada wanda ya saya ya maƙala a ƙirji ya fita da ita, na ajiya ne da koyarwa. Uku na jera su a cikin firam mai gilashi, Victoria Cross ɗin kuma na mayar da ita akwatinta, ina neman wani shagon da ke yin ta da duhunta in cike gurbin.