Wane Okid Za Ka Saya? Duba Saiwa Kafin Ka Dubi Fure

Yawancin furen okid da ke mutuwa a hannun sabon shiga, tun a wurin saye aka yi kuskuren: ido ya tafi kan fure, an manta da abin da ke cikin tukunya. Dangin okid sun haura iri 25,000, amma waɗanda aka fi sayarwa don ajiya a ɗaki ba su da yawa, kuma akasarinsu a daji jikin itatuwa suke maƙalewa, saiwoyinsu a waje suna shan iska. Ba su san ƙasa ba. Shi ya sa ruwan da ya kwanta ya fi ƙishirwa saurin kashe su.

Kafin ka fita, tsaya a gaban tagar da za ka ajiye shukar. Ita ce za ta zaɓa maka iri.

In hasken tagar mai laushi ne, kamar wadda ke kallon gabas tana samun ranar safe kawai, Phalaenopsis ne naka, kuma shi muke ba duk mai farawa shawara ya ɗauka. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya. Ganyensa faffaɗa ne mai kauri, furensa yakan yi wata biyu zuwa uku bai zube ba, kuma yana jin daɗin zafin da mutum ke jin daɗi a ɗaki, tsakanin digiri 18 da 29 a ma'aunin Selshiyas. Rauninsa biyu ne. Ba shi da dunƙulen ajiyar ruwa a gindi, don haka ba ya jure doguwar ƙishirwa. Sannan daga wuri guda yake fitar da sabon ganye, can tsakiya. In ruwa ya kwana a wannan kwarmin, tsakiyar ta ruɓe, shukar ta daina girma ke nan.

Dendrobium yana son haske fiye da haka, kuma a nan ake yawan ruɗuwa, domin iri biyu ake sayarwa da suna ɗaya. Wanda furensa ke fitowa a dogon kara daga saman sanda yana son ɗumi duk shekara, ba shi da wahala. Wanda furanni suka lulluɓe jikin sandarsa daga ƙasa har sama, wato irin nobile, ba zai sake fure ba sai ya samu makonni na sanyin dare kusa da digiri 10 zuwa 13 tare da rage masa ruwa sosai. In ɗakinka ba ya taɓa yin wannan sanyin, ka bar shi a inda ka gan shi, komai kyansa.

Oncidium yana da dunƙule a gindin ganye kamar albasa, a nan yake ajiye ruwa. Saiwarsa siririya ce, tana saurin bushewa, kuma ba ya ɓoye damuwarsa: in ruwa bai ishe shi ba, sabon ganye zai fito a tattare, ninki bisa ninki, ba kuma zai miƙe ba har abada. Ga wanda hannunsa ke yawan kai wa ga butar ban ruwa, wannan ya fi Phalaenopsis dacewa. Paphiopedilum, mai fure da aljihu kamar takalmi, yana haƙuri da ƙarancin haske, amma yana son danshi kullum ba tare da jiƙewa ba. Cattleya yana da ƙamshi da girman fure, sai dai furen mako biyu zuwa huɗu ne, kuma ba zai yi ba sai da haske mai ƙarfi. Vanda kuwa, da ake rataye shi da saiwa tsirara, kusan kullum yake son a jiƙa shi. Ba na farawa ba ne.

Idan ka tsai da iri, sai zaɓen tukunya ɗaya daga cikin jere. Ɗaga ta. Galibi akwai tukunyar roba mai haske a cikin ta ado. Zaro ta ka duba. Lafiyayyar saiwa tana da ƙiba da tauri, launin azurfa in ta bushe, koriya shar in ta sha ruwa, da ɗan tsinin kore a bakinta alamar tana girma. Wadda ta yi ruwan kasa, ta yi laushi, ko ta koma fanko kamar zare a cikin bututu, ta mutu. Kama shukar a gindi ka ɗan girgiza. In tana rawa, saiwa ta ƙare. Ya kamata ganye ya zama mai tauri. Wanda ya yi yaushi ya tattare, alhali tukunya a jiƙe take, yana nufin saiwar da za ta sha ruwan ta ruɓe. Juya ganyen ka duba bayansa da lungun da ya haɗu da jiki: farin abu kamar auduga ko ƙananan ƙuraje masu launin kasa ƙwari ne masu tsotson ruwan shuka. Sannan ka zaɓi karan da rabin furensa bai buɗe ba, don ka more shi ya daɗe. Phalaenopsis mai shuɗi kuma rini aka ɗura masa a kara. In ya sake fure, galibi fari zai fito.

Abin da aka dasa shi a ciki yana da muhimmanci daidai da irin. Gutsattsarin ɓawon itace yana barin iska ta ratsa, yana saurin bushewa, ana shayarwa kusan sau ɗaya a mako, kuma yana yafe wa mai yawan ruwa. Gansakukar sifagnum tana riƙe ruwa kamar soso, takan kai kwana 10 zuwa 14 kafin ta nemi ƙari. Masu noma suna son ta don shuka ba ta bushewa a hanya, amma a gida samanta yakan bushe alhali cikinta jagab yake. Mun fi son ɓawo ga sabon hannu. In gansakuka ka samu, soka tsinke har tsakiya. Muddin ya fito da danshi, kada ka zuba ruwa.

Da ka isa gida, ware shi daga sauran shuke-shuke na mako biyu zuwa uku. In ƙwari sun bayyana, goge su da auduga da aka tsoma a sifirit. Kada ka ajiye shi gaban na'urar sanyaya ɗaki ko kusa da nunannun 'ya'yan itace, domin iskar etilin da 'ya'yan itacen ke fitarwa tana sa furen da bai buɗe ba ya yi rawaya ya zube. Ranar tsaka kai tsaye tana ƙona ganye. Siririn labule ya isa. Shayarwa da safe ake yi: ciro tukunyar roba, zuba ruwa mai ɗumin ɗaki ya ratsa ya fita ta ramukan ƙasa, a bar ta ta tsane sarai kafin a mayar da ita cikin ta ado. Ruwan da ya shiga tsakiyar ganye a tsane shi da tsumma. Taki irin 20-20-20, wato wanda manyan sinadaransa uku suke daidai da juna, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwali ya isa, kuma sau ɗaya a wata a wanke tukunya da ruwa zalla don gishirin taki kada ya taru ya ƙona saiwa.

Sauya tukunya sai fure ya zube, sai fa in saiwa na ruɓewa, a lokacin ba a jira. A yanke matattun da almakashi mai tsabta, a cire dunƙulen tsohuwar gansakuka da ake yawan samu a maƙale ƙarƙashin gindi, a sa sabon ɓawo a tukunya mai ramuka wadda ba ta fi tsohuwar faɗi da santimita 2 zuwa 3 ba. Saiwoyin da suka fito waje suna lilo a iska a bar su yadda suke.